Tarakta ko katafila, wanne zai fitar min da itace daga kwarin kurmina?

Mai Kurmi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni a harkar nan. Ina da kurmi nawa na kaina, hekta 14, shekara uku kenan ina sarar itacen wuta a ciki, in faskara in sayar, saura mu ƙona a gida. Abin aikina wata tsohuwar tarakta ce mai ƙarfin doki 45, tayoyin baya kaɗai ke ja, sai tirela ƙarama da injin zarto guda biyu. A kan tudu ba ni da matsala ko kaɗan. Damuwata kwarin ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na filin kwari ne da ruwa ke kwanciya, kuma can ne manyan itatuwan suke, har da wasu guda shida da iska ta kayar bara suna nan kwance ina kallonsu suna ruɓewa. Sau biyu ina shiga da taraktar tana kafewa, na biyun sai da ta kwana biyu a cikin taɓo kafin muka fito da ita, kuma ramin da tayoyin suka bari har yau in ka shiga ya kai maka gwiwa.

Toh yanzu wani ya yi min tayin ƙaramar katafila tsohuwa mai sarƙar ƙarfe a madadin taya da farantin ture ƙasa a gaba, tana tashi tana tafiya na gani da idona. In saya ne ko in haƙura? Wanda ya taɓa aikin itace da irinta ya faɗa min gaskiya don Allah.

Direban Katafila:
Wa alaikumus salam. Malam saya kawai, shekarata 19 a kan sarƙa, ba abin da zan gaya maka sai wannan. Inda taya ta tsaya nan sarƙa ke fara aiki. Dalilin kuma a fili yake, tayar tarakta duk girmanta wajen da yake taɓa ƙasa bai wuce faɗin faranti ba, nauyin duka a nan yake sauka, kuma matsin da take yi wa ƙasa kusan daidai yake da iskar da ke cikinta, ka ce PSI 15 zuwa 20 a ma'aunin iskar taya. Ita ko ƙaramar katafila nauyinta ya bazu a kan tsawon sarƙa biyu, da wuya ya wuce 6 ko 7, masu faffaɗar sarƙa ma ƙasa da haka. Shi yasa zakaga ta fi tarakta nauyi amma ta wuce inda tarakta ta nutse.

Kuma ai don irin matsalarka aka ƙirƙiro ta tun asali. Benjamin Holt a Kalifoniya ƙasa ce mai laushi ta dinga haɗiye masa manyan injinan tururi, shine a 1904 ya cire tayoyi ya sa sarƙa. Kafin shi ma a 1901 akwai Alvin Lombard a jihar Maine ta Amurka, shi injin nasa don jan gungume daga daji ya yi shi. Kaga kenan sarƙa da aikin itace tare suka taso.

Baba Makanike:
Direba duk abin da ka faɗa gaskiya ne amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Kai tuƙawa kake, mai ita ke biyan gyara. Ɗana Mai Kurmi, "tana tashi tana tafiya" ba shi ake dubawa a katafila ba, inji shi ne abu mafi sauƙi a jikinta. Ƙafarta ake dubawa. Mu a gareji lissafin da muka sani shi ne kusan rabin kuɗin gyaran katafila a duk rayuwarta a ƙafar yake tafiya, sarƙa da fil-fil ɗinta da buhs (bututun ƙarfen da fil ɗin ke shiga), da rola, da babban haƙorin baya mai jan sarƙar. Kuma mafi yawan masu sayar da tsohuwa sai sun ga ƙafar ta ƙare suke nemo mai saye.

In ka koma wajen ka durƙusa ka kalli haƙoran nan na baya. In bakinsu na da faɗi da sauran rai, in sun yi tsini kamar haƙorin zarto sun gama. Ka sa hannu ta ƙarƙashin sarƙar ka shafa buhs ɗin, in ka ji gefe ɗaya ya cinye ya zama kwance maimakon zagaye to ka sani. Ka duba abin ɗaure sarƙar, in an tura shi har ƙarshe kuma sarƙar na lilo, ta miƙe kenan ba sauran wajen ɗaurewa. Rolar da ke yoyon mai ta mutu. Sannan ka hau da kanka ka juya ta hagu ka juya ta dama bayan ta yi zafi, ba da sanyin safiya ba, in gefe ɗaya na gardama kulocin juyawa ne, kuma a yawancin tsofaffin nan kafin ka kai gare shi sai ka sauke kujera da tanki. Ka kwance mashigin man giyar ƙafa ka ga ko mai ne a ciki ko ruwa da garin ƙarfe. Na ƙarshe, kafin ka ba da ko sisi ka tabbatar ana samun kayan gyaranta, don na ga katafilar da ta shekara huɗu a tsaye ciyawa ta fito ta cikin sarƙarta saboda haƙori ɗaya.

Mai Kurmi:
Baba na gode ƙwarai, wlh ko ɗaya cikin waɗannan ban duba ba. Na dai ga sarƙar hagu ta ɗan saki fiye da ta dama.

'Yar Gandun Daji:
Sannunku da ƙoƙari. Ni aikina kula da daji ne, kuma in kun yarda zan ɗan juya tambayar. Kowa na maganar wane inji ne zai iya shiga kwarin, ni kuma tambayata me yasa sai inji ya shiga? Malam ka ce ramin da tayoyinka suka bari ya kai gwiwa. Wannan ramin ba a ido kaɗai ya tsaya ba. Ƙasar daji cike take da ƙananan kafofi da iska da ruwa ke bi, in inji ya taka ta tana jiƙe kafofin su toshe, ruwa ya daina shiga, saiwa ta kasa numfashi, kuma mafi yawan ƙananan saiwoyin da bishiya ke ci da su a saman nan suke, cikin rabin mita na farko, ba can ƙasa ba kamar yadda mutane ke zato. Ka lura da itatuwan da ke bakin ramin nan nan da shekara biyu ko uku, zakaga kan wasu ya fara bushewa daga sama.

Abin da ya fi muhimmanci, mafi yawan dannewar a wucewar farko-farko take faruwa. Wucewa ta ashirin a hanya ɗaya ba ta ƙara ɓarna sosai a kan ta biyar. Wato wanda ya bi hanya ɗaya sau hamsin ya fi wanda ya bi hanya hamsin sau ɗaiɗai tausayin ƙasarsa nesa ba kusa ba. Kuma irin wannan ƙasar ba ta warkewa a shekara ɗaya ko biyu, tana iya ɗaukar gomman shekaru musamman mai yumɓu. Tsorona da katafila a hannun mai ƙaramin kurmi shi ne, tunda tana iya zuwa ko'ina, to ko'ina zai kai ta.

Direban Katafila:
Hajiya ai yanzu na gama bayanin cewa sarƙa ta fi taya sauƙi a kan ƙasa. In ƙasar kike tausayi ai katafila ya kamata ki goya wa baya.

'Yar Gandun Daji:
In tana tafiya miƙe, e, na yarda da kai. Amma ya take juyawa? Sarƙa ɗaya ta tsaya ɗaya ta ja, duk abin da ke ƙarƙashi ta kankare shi, ganye da ƙasar sama da saiwa da 'yan tsiro. A cikin kurmi kuma juyi nawa za ka yi tsakanin bishiyoyi kafin ka kai ga gungume ɗaya? Sannan ga faranti a gaba, duk wanda ya hau sai hannunsa ya yi ƙaiƙayin ture wani abu.

Baba Makanike:
Ku dakata tukuna. Mai Kurmi ina da tambaya, gungumen nan in za ka ja shi da tarakta a ina kake ɗaura sarƙar?

Mai Kurmi:
A sama Baba, wajen da ake sa sandar tsakiya ta ɗaukar garma, bayan kujera. Nan ne yake ɗan ɗaga kan gungumen kar ya dinga cakar ƙasa. Gsky akwai ranar da abin ya ba ni tsoro. Ina jan wani ɗanye mai kauri a giya ta biyu zan hau ɗan tudu, kansa ya daki wani kututture da ciyawa ta rufe, ban ankara ba naga bonet ya taso yana rufe min gaba, sararin sama kawai nake gani ta cikin rassa, ƙafata ce ta faɗa kan kuloci ban ma san na taka ba, gaban ya dawo ya doki ƙasa da ƙarfi har fitila ɗaya ta fashe. Na kashe inji na sauko na zauna a kan gungumen kusan rabin awa hannuna na rawa. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Baba Makanike:
Innalillahi. Ɗana Allah ne ya yi da sauran kwananka. Daga yau kar ka ƙara, ina roƙonka. Duk abin da ka ɗaura sama da aksul ɗin baya, in kayan ya cije, tayoyin ba za su tsaya ba, taraktar ce za ta hau kan aksul ɗin ta juyo baya ta danne ka. Masu binciken haɗurran gona sun auna abin, cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa ɗaya ta kai inda ba ta komawa, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta kife. Mutum da yawa kafin ƙwaƙwalwa ta aika wa ƙafa saƙo an gama. Ja ana yinsa ne daga ƙarfen ja na ƙasa, wanda ke ƙarƙashin aksul, shi kaɗai. Harry Ferguson da ya fito da tsarin hannu uku na baya (sanduna ukun da ake rataya garma a jikinsu) tun shekarun 1920, wanda ya bazu da taraktar Ford 9N a 1939, ɗaya daga cikin abin da ya magance kenan, garma ta daki dutse tarakta ta tashi tsaye. Amma da garma a jiki sandar saman tokare taraktar take yi. Kai ka cire sandar ka sa sarƙa a gurbinta, ka mayar da maganin ya zama cutar.

Sannan taraktar taka na da ƙarfen kariya a saman kujera, wanda ake kira ROPS? In babu ka nema a sa maka na gaske wanda aka ƙera don ita, ba wanda mai walda zai haɗa da bututun ruwa ba, kuma da bel. Ƙasar Suwidin tun 1959 ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci kuma mutuwar kifewa ta ragu ƙwarai a can. Wannan ya riga katafila a jerin abin da za ka kashe wa kuɗi.

Mai Kurmi:
Babu Baba. Na ji kuma in sha Allah na daina. Toh amma in na ɗaura a ƙasa kan gungumen zai dinga noma hanya, ya zan yi?

'Yar Gandun Daji:
Nan nake son a zo. Abin da kake buƙata winci ne na aikin daji, wato injin da ke naɗe wayar ƙarfe yana jawo kaya, wanda ake rataya shi a hannu ukun baya, PTO, sandar nan mai juyawa da ke bayan tarakta, ke juya shi. Kamfanoni irin su Farmi na Finlan da Tajfun na Sulobeniya da Igland na Nowe duk suna yinsa, kuma mai jan tan 3 zuwa 4 ya dace da ƙarfin taraktarka. Yana da faffaɗan faranti a ƙasa, in ka sauke shi sai ya cije ƙasa ya riƙe taraktar. Kai kana kan tudu a busasshiyar hanya, ka ja waya da hannu mita 40 ko 50 zuwa cikin kwarin, ka shaƙe gungumen da sarƙa, ka dawo ka tsaya a gefe ka ja igiyar kuloci, gungumen ya taho wajenka. Tarakta ba ta taka taɓo ba sam. In ya iso ka maƙala sarƙar a jikin farantin ka ɗaga, kansa ya bar ƙasa, farantin kuma ya tsare ka kar ya zungure ka ta baya. In ka zo wani wuri mai santsi ka saki wayar, ka wuce da tarakta ita kaɗai, ka sake jawo kayan. Itatuwan nan shida da kake kallo suna ruɓewa, in suna cikin tazarar waya daga tudu, a mako ɗaya za ka fitar da su.

Direban Katafila:
Wannan aikin wahala ne wlh. Jan waya mita 50 a cikin taɓo, ka je ka dawo ka je ka dawo, gungume ya maƙale a kututture ka sake komawa. Abin da zan yi a awa biyu shi zai yini yana yi. Kuma naga kamar an mai da mu masu sarƙa maɓarnata a zauren nan, alhali hanyoyin da taraktocin ke bi ɗin ma mu muka buɗe su.

Mai Kula da Zaure:
Oga Direba ba wanda ya ce haka, kowa iliminsa yake kawowa kuma naka na cikin wanda ya fi amfani. A ci gaba cikin mutunci don Allah.

'Yar Gandun Daji:
Yi haƙuri Yaya in maganata ta yi kaifi, ba nufina ba kenan. Kuma ka yi gaskiya, winci ya fi jinkiri, ba musu. Bambancin shi ne kai ana biyanka ne ka fitar da kaya mai yawa cikin lokaci, shi kuma hekta 14 gare shi, abin da zai sara a shekara ba shi da yawan da sauri zai dame shi, kuma shi zai zauna da ƙasar bayan an gama. Maganar maƙalewa kuwa akwai fuli, wato ɗan gargare mai kwari, da ake ɗaurawa a jikin wata bishiya da faffaɗan maɗauri mai laushi don kar ya ci ɓawonta, waya ta bi ta ciki ta canza hanya, ka kewaye kututturen. Sai dai kar mutum ya taɓa tsayawa a cikin kusurwar da wayar ta yi, in maɗaurin ya tsinke nan fulin zai biyo. Kuma taraktar ta fuskanci layin jan, in ka ja ta gefe sosai kifar da ita za ka yi.

Direban Katafila:
Ba komai Hajiya ya wuce. Tunda gaskiya ake so bari ni ma in faɗi nawa. Sarƙa ma tana da ranarta. Wata shekara ina ratsa gefen gangare da gungume biyu a baya, sarƙar ƙasa ta hau kan kututture ina cikin juyawa, sai ji nayi ƙaf, ta zame daga kan tayar gaba ta kwanta a laka. Mu uku muka yini a wajen da jak da ƙarfen banƙara da katakai, sai da muka saki giris ɗin abin ɗaurewa gaba ɗaya muka dinga cusa ta kaɗan-kaɗan, magariba ta yi mana a nan. Kuma ranar da katafila ta kafe da gaske, cikinta ya zauna a taɓo sarƙa na juyawa a banza, taraktarka mai doki 45 ba za ta motsa ta ba, sai ka nemo wadda ta fi ta. Ga shi ba ta hawa kwalta, ko ina za ta sai an ɗauko babbar mota. Don haka Malam in ƙafar ta mutu kamar yadda Baba ke zargi ka bar ta. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya, hanyar da za ka dinga bi ɗin nan ka sa a yi maka ita da sarƙa, da rani, a yi mata ɗan tudu a tsakiya da magudana a gefe, inda take gangara a yanka mata 'yan kwatoci a karkace su dinga fitar da ruwa kafin ya yi ƙarfi, in ba haka ba ruwan shekara biyu zai mai da ita kwazazzabo. Aikin kwana biyu ko uku ne, haya za ka ɗauka.

Sabon Shiga:
Salam, ni sabo ne ina ta karatu ina ƙaruwa. Ya batun ƙaramar eskabeta, injin haƙa ƙasa, mai sarƙar roba? Naga wasu na sa mata hannu mai damƙa suna ɗaukar gungume da ita.

Direban Katafila:
Ƙanena wajen lodi da tara gungume da haƙa magudana da sa kwalbati ba ta da na biyu, kuma tana riƙe maka gungume a sama daidai ƙugu ka yanka ba ka sunkuya ba. Amma ba abin jigila ba ce, tafiyarta ba ta wuce ta mutum a ƙafa, in ka ce da ita za ka dinga kai kaya nesa ƙafarta za ka cinye a banza. Sarƙar roba kuma tsinin kututture da dutse na yanka ta, in wayoyin ciki suka tsinke sai sabuwa. A filin tara kaya take da amfani.

Mai Faskare:
Ni duk wannan muhawarar ta ja, ja, ja, akwai abin da ba a taɓo ba. Duk gungumen da aka ja a ƙasa ya sha laka da yashi a ɓawonsa, kuma yashi shi ne ajalin sarƙar zarto. Sarƙar da za ta yi maka tanki biyu ko uku a itace mai tsabta, yanka uku a mai laka ta dakushe, sai kaga maimakon ɓarzajen katako tana fitar da gari kamar ƙura, kana dannawa tana hayaƙi. Ni abin da na koma yi, winci ya kawo min shi bakin hanya kawai, tazara gajera, a nan nake yanka shi guntu-guntu in loda a tirela, tirela ta kai gida a kan taya. Wanda ya riga ya yi laka kuma in sa gatari in ɓare ɓawon daidai inda zan yanka.

Sannan Malam Mai Kurmi tunda sayarwa kake, kuɗinka ba a inji yake ba a bushewa yake. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kana wahalar da tarakta ne kana jigilar ruwa, in an sa shi a wuta kuma zafin ya ƙare wajen ƙonar da ruwan, kilo ɗaya na ɗanye bai fi rabin zafin kilo ɗaya na busasshe ba, ga hayaƙi. Ana so danshin ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Akwai ɗan abin awo mai allura biyu, amma ka faskara guda ka soka a tsakiyar sabon fashin, in ka soka a waje ƙarya zai maka. Gungume in ba a faskara shi ba ba ya bushewa da wuri, ɓawon riƙe ruwa yake, don haka ka yanka ka faskara da wuri, ka jera a kan sanduna kar ya taɓa ƙasa, inda iska ke ratsawa, ka rufe sama kaɗai ka bar gefe a buɗe. Wanda ya lulluɓe tarin duka da leda naman kaza zai noma. Mai taushi wata shida zuwa shekara ya isa, mai tauri sosai a wuri mai danshi har shekara biyu yana kaiwa. In ka haɗa guda biyu ka buga ka ji ƙara ƙwal-ƙwal ya bushe, in ka ji dum da saura.

Itatuwanka shida da suka shekara a kwance a kwari kuwa, ka soka musu gatari tukuna, wanda ke kwance a cikin ruwa wataƙila gefen ƙasan ya riga ya tafi.

'Yar Gandun Daji:
Hakane, kuma wanda ya ruɓe sosai ka bar shi a wajen, ba asara ba ne, taki ne kuma gidan ƙwari da tsuntsaye. Ƙananan rassan ma kar ka ƙona, ka shimfiɗa su a kan hanya inda take da laushi tayoyi su bi ta kai. Sannan wajen zaɓen abin sarewa, na wuta shi ne karkatacce da mai rauni da mai kai biyu da wanda ya matse wa na kirki wuri, miƙaƙƙun ka bar su su yi kauri, gaba katako ne. Kututture kuma kar ka bari a tumɓuke maka su in ba a kan hanya suke ba, itatuwa da yawa masu faɗin ganye, har da bishiyar turare, in ka sare su ƙasa-ƙasa da yanka mai tsabta suna sake tohowa daga kututturen, kuma tohon ya fi dashe saurin girma tunda saiwar na nan. Gwajin ƙasa kafin ka shiga da inji mai sauƙi ne, ka haƙo daga zurfin taƙi ɗaya ka dunƙula a hannu, in ta mulmulu ta yi santsi kamar ta maginin tukwane ka koma gida, in ta wargaje ka shiga. A ƙasashen sanyi jira suke ƙasa ta daskare, inda babu sanyi a jira ta bushe.

Baba Makanike:
In ka sa wincin, sandar PTO ta kasance da rigarta ta roba. Juyi 540 take a minti, tara kenan a daƙiƙa ɗaya, in ta kama bakin riga ba ta saki. Ka sa nauyi a gaban taraktar don sitiyari ya dinga ji. In bishiya ta sarƙe a jikin wata ba ta faɗi ba, kar ka shiga ƙarƙashi kar ka sare wadda ta riƙe ta, waya za ka ɗaura a gindinta ka jawo daga nesa. Kuma lokacin kayarwa tarakta da mutane su yi nisan tsawon bishiyar sau biyu.

Mai Kurmi:
Salam 'yan uwa, na dawo da bayani bayan sati biyar. Na koma wajen katafilar da wani makanike, haƙoran baya sun yi tsini kamar yadda Baba ya kwatanta, rola uku na yoyo, abin ɗaure sarƙar hagu ya kai ƙarshe, na ba mai ita haƙuri. An sa min ƙarfen kariya da bel. Na samu winci wanda aka taɓa amfani da shi mai jan tan 3 da rabi, wayar na canza sabuwa don tsohuwar ta fara fitar da ƙaya. Na zaga kurmin a ƙafa da fenti na shata hanya biyu a kan tudu, ɗaya ta bi gefen kwarin. Cikin shidan na fitar da huɗu, ɗaya ya ruɓe na bar shi, ɗayan kuma waya ba ta kai ba, saura kamar mita 15. Oga Direba ka yi gaskiya akwai wahala, ranar farko cinyoyina sun gaya min, amma tarakta ko sau ɗaya ba ta taɓa laka ba. Tambayata yanzu, tsohon ramin nan da na yi da taya, in cike shi ne ko in bar shi?

Direban Katafila:
Ka bari sai ya bushe ƙarau tukuna, in ka taɓa shi yanzu ƙara dama shi za ka yi. Ranar da ka ɗauko hayar injin da zai gyara maka hanya, ka sa ya tsaya daga busasshen gefe ya miƙa hannu ya fasa gindin ramin da haƙoran bokiti don ruwa ya samu hanyar shiga ƙasa, sannan ya jawo ƙasar da ta taru a baki ya mayar, kar ya danna. Eskabeta za ka nema don wannan, ba mai faranti ba. Na shidan kuma ka ƙara sarƙa a bakin wayar ta cike maka mita 15 ɗin, amma mai ƙarfin da ya fi na wincin, ka turo hoton ƙugiyar in gani kafin ka ja.